Hanci yana sake jijiyoyinsa, amma ba kowace ke rayuwa ba

Rashin jin ƙamshi iri biyu ne, kuma mutane kullum haɗa su suke wuri ɗaya. Akwai na mura, irin wadda hunturu ke kawo mana nan Kaduna wajen Disamba da Janairu, hanci ya toshe, majina ta cika, iska ba ta kaiwa can sama inda ake jin ƙamshin, wannan da murar ta tafi shikenan ya wuce. Akwai kuma wanda hanci a buɗe yake garau, kana shaƙar iska lafiya lau, amma ka bi ta gaban mai tsire a Kawo bayan magariba hayaƙi na dukan fuskarka ba ka ji komai ba, ko an daka daddawa a gidan sai dai ka gani da ido. Na biyun nan ne ya shafi jijiya, kuma shi nake so mu ɗan tattauna. Ni dai malamin bayoloji ne a sakandare ba likita ba, kawai abun ne ya daɗe yana birge ni.

Can sama a rufin kogon hanci, daidai bayan tsakanin idanu, akwai wani ɗan tantani da faɗinsa bai wuce 'yan santimita ba, amma ƙwayoyin jijiya miliyoyi ne a jere a cikinsa. Kowace ƙwaya tana da kai biyu. Ɗaya ya leƙo cikin majina da wasu 'yan gashi-gashi masu kama duk sinadarin da iska ta kawo, ɗayan kuma zare ne dogo siriri da ya bi ta wani ƙashi mai huji-huji ya shiga cikin ƙoƙon kai, ya je ya sauka a wani ɗan curi da ke kwance ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa. Curin biyu ne, na dama da na hagu, curin ƙamshi zan riƙa ce masa a nan. A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano makaman da ke kan gashin nan, waɗanda su ne ke cafke sinadarin, ɓera na da iri wajen 1,000, mu mutane wajen 400 muke da su masu aiki, kuma a kan wannan aikin aka ba su kyautar Nobel a 2004. Kowace ƙwayar jijiya iri ɗaya tak take zaɓa a cikinsu, sannan duk masu iri ɗaya, ko da a warwatse suke cikin tantanin, zarensu wuri guda yake haɗuwa a cikin curin. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

To ƙwayoyin nan a bakin haɗari suke zaune. Sauran jijiyoyin kai an ɓoye su cikin ƙashi, su kuwa kansu na waje, ƙurar hunturu, hayaƙin janareta, na itace, na tayar da ake ƙonawa, bairos, duk su ke fara karɓa. Da ba a sauya su da tun muna firamare mun daina jin ƙamshi. A da an yi imani ƙwayar jijiya in ta mutu ta mutu kenan, babban masanin jijiyoyi na Sifen ɗin nan Santiago Ramon y Cajal ma haka ya ɗauka game da ƙwaƙwalwar wanda ya girma, sai a shekarun 1970 Pasquale Graziadei da Ariella Monti Graziadei, suna aiki a Fulorida, suka nuna ƙarara cewa a tantanin hanci akwai wasu ƙwayoyi a can ƙasa da ke rabuwa suna haifar sababbin jijiyoyi har dabba ta tsufa. A ɓera da yawansu wata ɗaya zuwa biyu suke yi su mutu, wasu kuma su daɗe sosai fiye da haka, musamman in iskar da yake shaƙa mai tsabta ce. A 2020 wani bincike a Amurka ya nuna ƙananan jijiyoyin da ba su gama nuna ba a hancin manyan mutane, wato mu ma haka abun yake a jikinmu.

Amma haihuwar sabuwar ƙwaya ba ita ce ƙarshen magana ba. Me ke sa ta rabu, me ke sa ta fitar da zare, me ke sa ta rayu bayan ta isa? Nan sai an koma ga wata mata 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, kuma ku yi haƙuri zan ɗan daɗe a kanta don ina son labarin.

An haife ta a Turin a 1909, ta yi karatun likita, sai a 1938 gwamnatin Musolini ta yi dokar da ta kori Yahudawa daga jami'o'i. Matar nan ba ta zauna ba, ta kafa ɗan wurin gwaji a ɗakin kwananta, tana sayo ƙwai masu ɗan tayi a ciki tana fasawa tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke fitowa, ana yaƙin duniya a waje. Tun kafin nan wani Bajamushe da ya koma Amurka, Viktor Hamburger, ya lura in ka cire tsiron fiffike daga ɗan tayin kaza, ƙwayoyin jijiyar da ya kamata su je fiffiken sai su ragu sosai. Shi ya ɗauka ba a haife su ba ne tun farko. Ita da ta bi abun rana bayan rana sai ta ga a'a, an haife su, sun girma, sun miƙa zare, daga baya ne suka mutu da ba su tarar da komai a can ba. Maimakon ya ji haushi sai ya gayyace ta jami'ar Washinton da ke Sen Luwis, ta je a 1947 da niyyar 'yan watanni, ta yi wajen shekara 30.

A can suka riƙa dasa wani ƙarin kansa na ɓera a jikin ɗan tayin kaza, sai jijiyoyi su yi ta tururuwa zuwa wurinsa, har inda ƙarin bai taɓa ba ma jijiyoyi na yin yawa fiye da kima, alamar wani abu yake fitarwa da ke bin jini. A 1952 ta ɗauki ɓeraye biyu masu ƙarin ta tafi da su Riyo ta Barazil, inda wata ƙawarta ta iya rainon nama a faranti, ta ajiye guntun ƙarin kusa da dunƙulen ƙwayoyin jijiya ba tare da sun taɓa juna ba, kafin kwana ɗaya zare ya fito ta ko'ina ya kewaye dunƙulen. Da ta dawo sai Stanley Cohen ya shigo don a gano ko wane sinadari ne. Ya zuba dafin maciji don ya narkar da wani ɓangare na abun ya ga me zai saura, ashe dafin kansa ya fi ƙarin ɗauke da sinadarin nesa ba kusa ba. Daga nan ya yi tunanin ai dafi daga wurin yin miyau yake fitowa, bari a duba na ɓera, sai ga shi jibge a wurin yin miyau na ɓera namiji. Furotin ne, shi ake kira NGF, sinadarin girman jijiya. Da suka haɗa abun da ke kashe ƙarfinsa suka yi wa jariran ɓeraye allura, wani rukuni guda na jijiyoyinsu kusan ƙarewa ya yi kakaf. Sun karɓi Nobel tare a 1986, ita kuma sai 2012 ta rasu tana da shekara 103.

Abun da aka fahimta daga nan shi ne jiki yana haifar ƙwayoyin jijiya fiye da yadda yake buƙata, a wurare da yawa kusan rabi mutuwa suke tun ana ciki. Wurin da zaren zai je shi ke fitar da sinadarin, kuma kaɗan yake fitarwa. Yadda nake faɗa wa ɗalibaina, ka ɗauka gidan suna ne aka dafa abinci daidai, matan unguwa kowace na zaune a gidanta ta aiki yaro da kwano, wanda ya isa gidan da ya dace kuma da wuri ya samu ya kawo wa uwarsa, wanda ya ɓata hanya ko ya makara ya dawo da kwano wayam. Zaren shi ne yaron, don da gaske a bakinsa yake haɗiye sinadarin a yi jigilarsa baya har jikin ƙwayar. Wadda ba a kawo mata ba kuwa ba wani ne ke kashe ta ba, ita da kanta take kunna tsarin kashe kanta da ke cikinta. Ta haka adadin jijiyoyi ke zuwa daidai da girman wurin da za su yi wa aiki.

NGF ba shi kaɗai ba ne a gidansu. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen a Jamus suka tace wani daga ƙwaƙwalwar alade, BDNF, daga baya wajen 1990 da 1991 aka samu NT-3 da NT-4. Kowanne yana da makamarsa a jikin ƙwaya, NGF na kama TrkA, BDNF da NT-4 na kama TrkB, NT-3 ya fi son TrkC, sannan akwai wata p75 da kowa ke iya kamawa, ita kuma wani lokacin taimaka wa rayuwa take wani lokacin ita ke ba da umarnin mutuwa, ya danganta da wa take tare da shi. In ƙwaya ba ta da makamar, ko ka yi mata wanka da sinadarin ba ta san ana yi ba.

Yanzu mu dawo hanci. A 1996 Jane Roskams da abokan aikinta a jami'ar Johns Hopkins sun bi tantanin ɓera yana sake ginuwa bayan an lalata shi, suka ga makaman nan bi da bi suke fitowa, TrkA a ƙwayoyin ƙasa masu haihuwa, TrkB a jijiyoyin da ke tasowa, TrkC a waɗanda suka nuna. Wato ƙwayar tana canza abun da take saurara yayin da take girma tana hawa sama cikin tantanin. Bincike na baya ba duka suka zo daidai da wannan tsarin tsaf ba, kuma in an cire sinadari ɗaya daga jikin ɓera tantanin ba ya rushewa gaba ɗaya yadda wasu jijiyoyin fata ke ɓacewa in babu NGF, alamar a hanci aikin a rabe yake tsakanin sinadarai da yawa, in babu ɗaya wani ya ɗan rufe.

Gwajin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne na cire curin ƙamshin. In aka yi wa ɓera tiyata aka cire curin gefe ɗaya, cikin 'yan kwanaki jijiyoyin da suka nuna na wannan gefen sai su mutu, tantanin ya sirance. Ƙwayoyin ƙasa sai su tashi haiƙan, su yi ta haihuwa fiye da da. Sababbin su taso, su miƙa zare ta ƙashin, su shiga ciki, ba kowa. Ba sa wuce mako biyu sai su mutu, a sake haifo wasu, su ma haka, tantanin ya cika da yara ba manya. James Schwob da abokansa ne suka bayyana wannan a 1992. Kun ga abun da Levi-Montalcini ta gani a ƙwan kaza ne ya sake fitowa, bambancin kawai a hanci ba a cikin ciki kaɗai ake yi ba, kullum ake yi har tsufa. Haihuwa ba ta buƙatar curin, amma daɗewa tana buƙatarsa.

Akwai kuma sinadaran da ba 'yan gidan NGF ba amma a hanci aikinsu babba ne. FGF2 na sa ƙwayoyin ƙasa su yi ta rabuwa, FGF8 kuwa in babu shi a ɗan tayin ɓera tantanin ma ba ya ginuwa yadda ya kamata. Amma ni wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai cewa ya isa haka. Anne Calof a Kalifoniya da mutanenta sun nuna a 2003 cewa jijiyoyin da ke tasowa suna fitar da wani furotin, GDF11, wanda ke hana na ƙasa ci gaba da rabuwa. In jijiyoyi sun yi yawa shi ma ya yi yawa, haihuwa ta lafa, in sun mutu ya ragu, haihuwa ta tashi. Ɓeran da ba shi da GDF11 jijiyoyin hancinsa sun fi ƙima, wanda kuma aka cire masa folistatin, abun da ke danne GDF11 ɗin, nasa kaɗan ne ƙwarai. Kowa maganar abun da ke sa girma yake yi, amma gaskiya nama mai rabuwa ba mai tsayar da shi ai kansa sunansa, don haka ni a wurina wannan ne ya fi zama abun mamaki.

Ƙwayoyin ƙasan ma iri biyu ne. Akwai zagayayyu, su ke aikin yau da kullum. Akwai kuma wasu shimfiɗaɗɗu da ke manne a can ƙasa suna barci, wani furotin p63 ne ke riƙe su a haka, ba sa motsi in jijiyoyi kaɗai ne suka mutu, sai in ɓarnar ta yi tsanani ta haɗa da ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin, sannan p63 ya sauka su farka su sake gina komai. A 2007 aka tabbatar da farkawarsu a ɓeraye, aikin p63 kuma sai daga baya aka gano shi.

Bari in ɗan ratse. Akwai wata cuta da ake kira ta Kallmann, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1944, yaro ya taso bai taɓa jin ƙamshi ba kuma lokacin balaga ya zo ya wuce shiru. Me ya haɗa hanci da balaga? Ƙwayoyin da ke ba da umarnin fara balaga a ƙwaƙwalwa, a wurin da hanci ke tsirowa ake haifarsu tun ana ciki, sai su bi zaren jijiyoyin hanci su shiga ciki. In zaren bai isa ba su ma sun maƙale a hanya. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke jawo haka shi ne na makamar FGF, a 2003 aka gano. Kuma ɓangaren balagar ana maganinsa da homon, don haka saurayi ko budurwar da ke da alamun nan biyu asibiti ya kamata a kai su, ba a yi ta cewa jifa aka yi musu ba.

Lokacin korona ne abun nan ya shigo mana gida. Goggona a Tudun Wada sana'arta haɗa turaren wuta da humra, da hanci take cin abinci, ita ke sanin kajiji ya ji, sandal ya yi yawa, farce ya soyu ko da saura. Bayan kullen 2020 ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki ta warke, hanci a buɗe amma shiru. Na je gaishe ta ta ce min, “Ɗan nan, kai da ka yi boko, hancin nan nawa ya mutu kenan?” Na ce, “Goggo in sha Allahu bai mutu ba, amma sai kin yi haƙuri, ba abun kwana bakwai ba ne.” A korona bairos ɗin ba jijiyoyin ya fi kamawa ba, ƙwayoyin da ke tallafe da su ne ke da ƙofar da yake shiga, ACE2, in sun lalace wurin ya kumbura sai jijiyoyin su daina aiki, shi ya sa yawancin mutane cikin makonni suke dawowa daidai. Waɗanda kumburin ya daɗe har jijiyoyin suka mutu su ne ke ɗaukar watanni, don sai an haifi sababbi, sun miƙa zare, sun isa, sun samu abun da zai riƙe su.

Ita ta shiga rukuni na biyun, kuma da ƙamshin ya fara dawowa a karkace ya dawo. Albasa in ana soyawa sai ta ce robar da ta ƙone take ji, nama kuma warin kwata, har ta fi jin daɗin lokacin da ba ta jin komai. 'Yarta ce ta riƙa shinshina mata haɗi tana faɗa mata. Ku tuna na ce duk masu makama iri ɗaya wuri ɗaya suke haɗuwa a curin. Ƙamshin albasa ba makama ɗaya ke ɗaukarsa ba, da yawa ne lokaci guda, ƙwaƙwalwa kuma haɗin take karantawa. In wasu sun dawo wasu ba su dawo ba, ko wasu zaren sun sauka inda ba nasu ba, haɗin da zai isa ba wanda ta sani ba ne. A gwajin dabbobi in an yanke zaren gaba ɗaya ya sake fitowa, ana ganin taswirar curin ta hargitse. Kuma nan ne iyakar sinadaran girma, su rayarwa da ciyarwa suke, neman adireshi kuwa makamar ƙamshin kanta da wasu sinadarai daban masu ja da masu kora ne ke yin sa. Nata dai ya daidaita a hankali, ta koma sana'arta, sai dai har yau ta ce wasu turarukan ba kamar da ba.

Wanda ya fi wuya shi ne na buguwar kai, kuma a garin da muke hawa acaɓa ba hular kwano wannan ba baƙon abu ba ne. In ƙeya ta bugu da kwalta ƙwaƙwalwa na girgiza a ciki, zaren nan sirara da suka bi ta hujin ƙashi sai su tsinke. Tantanin lafiyarsa lau, zai haifi sababbi, amma in tabo ya toshe hujin ko curin kansa ya ji rauni to an koma labarin ɓeran Schwob, a haifa su mutu. Shi ya sa masu samun sauƙi a nan ba su kai na bairos yawa ba, ko da yake ana samu.

Abun da ma ke ba zaren damar shiga ƙwaƙwalwa tun farko wasu ƙwayoyi ne na musamman da ke naɗe shi tun daga hanci har curin, suna fitar da NGF da BDNF da wasunsu, kuma suna da p75 a jikinsu, da ita ma ake tantance su a ɗakin gwaji. Geoffrey Raisman na Landan ya yi shekaru yana ganin in sun iya raka jijiya cikin ƙwaƙwalwa me zai hana su yi a laka. A 2012 likitoci a Folan, ƙarƙashin Pawel Tabakow, suka ciro su daga curin wani mutum, Darek Fidyka, da aka soka wa wuƙa a baya ya shanye, suka dasa a lakarsa tare da guntayen jijiya daga ƙafarsa, a 2014 aka sanar yana takawa da abun dogarawa. Labari ne mai daɗi, amma mutum ɗaya ne, kuma har yau bai zama maganin da ake yi wa kowa ba.

To duk wannan ya kawo ni kan masu tallan magani, na cikin bas da na WhatsApp, masu kafso mai “farfaɗo da matattun jijiyoyi”, yanzu har sun koyi saka NGF a tallan. Jama'a NGF furotin ne, in ka haɗiye shi ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da ƙwai, in ma ta allura ne ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Kuma ba abun wasa ba ne, yana sa ciwo. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada shi a kan masu suga da jijiyoyin ƙafarsu suka lalace, wurin allurar ya riƙa yi musu zafi, babban gwajin kuma bai nuna amfani ba aka bari. Inda ya yi nasara shi ne ido, akwai na ɗigawa da Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a 2018, na wani gyambon ido da lalacewar jijiya ke kawowa, don a nan kai tsaye ake ɗiga shi inda ake so. Na hanci kuwa ana gwada allurar ruwan jinin mutum da aka tace, mai ɗauke da sinadaran girma, a can sama kusa da tantanin, amma gwaje-gwajen ƙanana ne tukuna. In masu ɗakunan gwaji suna nan suna lallaɓawa, ban ga yadda mai jaka a tashar Mando ya riga su ba. Sannan a daina ɗura abubuwa a hanci, ruwan tafarnuwa ne, man kaza ne. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kan wani maganin mura mai zinc da ake sawa a hanci, saboda mutane da yawa sun rasa jin ƙamshi bayan sun yi amfani da shi.

Abun da ke da hujja kuma kusan kyauta shi ne atisayen shinshina. Thomas Hummel na Diresdin a Jamus ya wallafa shi a 2009, ƙamshi huɗu, wardi, lemun tsami, kanumfari da man bishiyar turare, a shinshina kowanne na 'yan daƙiƙu safe da yamma har mako 12, ba kowa ya warke ba amma waɗanda suka yi sun fi waɗanda ba su yi ba samun ci gaba, kuma bincike na baya ya nuna in an daɗe ana yi ya fi. Dalilin bai yi nisa da abun da muka faɗa ba, jijiyar da ke aiki ta fi wadda ke zaune samun damar rayuwa, BDNF ma aiki ne ke ƙara fitar da shi a ƙwaƙwalwa, kuma in aka toshe wa jaririn ɓera hanci ɗaya curin wannan gefen yakan tashi ƙarami da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba sai ka nemo na Jamus ba, kanumfari da lemun tsami da citta da turaren da ka saba da shi duk suna Kasuwar Barci, ka sa kowanne a kwalbarsa mai murfi, ka shinshina a hankali kana tuna yadda yake a da.

Kar dai ka gwada kanka da Robb ko barkono ka ce ai ina ji. Sanyin Robb da yajin barkono wata jijiya ce daban ke ɗaukarsu, ta fuska, wanda bai jin ƙamshi sam zai ji su. Haka harshe zai ci gaba da jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci, abun da ya tafi shi ne wanda ke bambanta miyar kuka da ta kuɓewa, don wannan ta bayan maƙogwaro yake hawa zuwa hanci. In abun ya wuce 'yan makonni, ko gefe ɗaya ne, ko da jini ko ciwon kai, a je a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, muna da cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan cikin Kaduna kuma suna duba hanci, don wani lokacin tsiro ne kawai ya tare hanya, ana maganinsa. Dattijon da ƙamshi ya ɗauke masa a hankali ba mura ba komai shi ma a faɗa wa likita, yakan zo kafin cutar Fakinsin, mai sa karkarwar jiki, da shekaru.

Kafin ƙamshin ya dawo kuma, in da gas ake girki a gidan, warin nan da ake ji in yana zuba ƙara masa aka yi da gangan don a ji, kai kuma ba za ka ji ba, don haka ka riƙa shafa ruwan sabulu a bakin silinda da tiyo ka duba ko zai yi kumfa. Miyar da ta kwana a firij ba wuta ma a ba wani ya shinshina kafin a ɗumama.